Doguwar Baƙar Motar Delaney

Wani ne a garinmu can Nebraska, ɗan ajin ƙarshe a sakandare. Rawar bankwana ta matso, kowa ya samu wadda zai je da ita, saura shi. Da ƙyar ya yi ta maza ya tari wata Delaney a ɗakin cin abinci. Ta dube shi sama da ƙasa.

"Zan bi ka," in ji ta. "Amma sau ɗaya ake wannan rawa a rayuwa, hoton kuma har jikoki sai sun gani. Baƙar kwat, doguwar baƙar mota, da fure. Kada ka ba ni kunya."

Gogan ya zaga gari kaf, duk motocin haya an kama. Yana komowa sai ga wata doguwa, baƙa wuluk, tana ƙyalli a ƙofar wani gida. Bai tsaya karanta allo ba, ya faɗa ciki. Ashe masu shirya jana'iza ne.

"Yallaɓai, motar nan nake so ran Asabar."

Mai wurin, wani tsoho Mista Pruitt, ya sassauta murya. "Sannu, ɗana. Wa za a ɗauka?"

"Delaney."

"Shekarunta nawa?"

"Sha takwas."

"Wayyo, yarinya ɗanya! Yaya abin ya faru?"

"Ni ma ban zata ba. Tana cikin cin taliya na yi mata magana, shi ke nan."

"Iyayenta fa? Suna daurewa?"

"Su? Murna suke! Uwar har ta sayo mata sabuwar riga."

Tsoho ya girgiza kai. "Duniya ta lalace. A haɗa da fure?"

"Babba. Wanda ya fi na kowa."

Asabar da yamma mota ta shigo layin su Delaney a hankali. Mista Pruitt ne ke tuƙi. Shi da ƙarti huɗu suka fito cikin baƙaƙen kaya. Gogan na gaba, rungume da fure zagayayye kamar tayar tirela, an rubuta masa "Ki huta lafiya."

Kakar Delaney na zaune a baranda. Ta miƙe zumbur, ta ɗaga sanda.

"Wa ya kira ku? Tari kawai na yi jiya!"

Sai ga Delaney cikin doguwar riga shuɗiya. Mista Pruitt ya ja da baya har hularsa ta faɗi.

"Wannan ce? Ai da ranta!"

"To da me za ta yi rawa?" in ji gogan.

Delaney ta fashe da kuka. Ta dubi agogo, saura minti goma a fara ɗaukar hoto, ƙawaye na jira. Ta share hawaye, ta tattare riga.

"Ni gaba zan zauna. Shi ku kwantar da shi a baya."

Ubanta ya biyo su har bakin titi, ya leƙa ta tagar direba.

"Ka ji ni da kyau, dattijo. Ƙarfe sha ɗaya nake son ganin 'yata a gida."

Mista Pruitt ya gyara hula.

"Maigida, ban yi alkawari ba. Shekara talatin ina wannan aiki, ban taɓa dawo da kowa ba."