Madugun da Bai Bar Ƙofar Gari Ba

Akwai wani malamin tarihi a Gwammaja, Malam Jazuli, da ya ƙirƙiro wasan tebur na fatake. Kowa zai ɗauki mutum guda ya zama shi, malam ya riƙa ba da labari, ɗan ludo kuma ya yanke abin da zai faru. Nafi'u direban a-daidaita-sahu ya ji an ce akwai takobi da artabu da 'yan fashi a hanyar Agadas, sai ya ajiye aikin yammacin Asabar, lokacin da fasinja ya fi yawa, ya zo aka naɗa shi madugu. Abin da ba a gaya masa ba shi ne, malam ya rantse wasansa ba zai saɓa wa gaskiya ko da ƙwayar zarra ba. Kafin ka ɗaura wa jaki kaya sai ka jefa ɗan ludo. Igiya ta tsinke, ka sake jefawa. Asabar ta zo ta wuce, wata ta biyo ta, ayari na nan a ƙofar gari. Babban abin tarihin da ya samu madugu shi ne gudawa.

Ran nan dai aka kai bakin rijiyar ƙofar gari, malam ya ce madugu ya bi layi.

Nafi'u ya ce, "Malam, tun asuba nake layin mai. Na zo nan in zama jarumi, ka sake sa ni a layi? Yaushe 'yan fashin za su fito?"

Malam ya gyara tabarau. "Ai a zahiri bafatake kan yi shekaru bai ga ɗan fashi ba. Jefa mu ga ko guganka zai faɗa rijiya."

Ya jefa. Guga ya faɗa.

Nafi'u ya miƙe a hankali, ya laluba makullin kekensa, ya zura takalmi.

"Ina kuma za ka?" in ji malam. "Madugu ba ya ɓacewa haka kawai a bar mutane da jakuna cikin rana. Dole a samu dalilin da hankali zai ɗauka. Me zan ce wa ayari?"

Nafi'u ya waiwayo daga bakin ƙofa.

"Ba gaskiya kake so ba, Malam? Ka ce musu ya ce yana zuwa."