Jarkar da Na Tsinta a Kwara

Ina wanki a bakin kogin Kwara, kusa da Bagudo, ido ɗaya a kan 'yata Hafsatu kada ta matso ruwa, sai na hango sabuwar jarka tana lilo a kan ruwa. Na ce daga kwalekwalen masu kai fetur ƙasar Binin ta faɗo, ga tawa ta tsage. Na kutsa har ƙugu na cafke ta. Da igiya a jikinta, da nauyi a ƙasa. Raina ya ce wata jarkar ce cike da mai. Na ja iya ƙarfina.

Sai ga mutum ya ɓullo, fuska cikin gilashi, tulun iska a baya.

Ashe 'yan jami'a ne ke koyon nutso don binciken ƙasan kogi, jarkar alamar inda mai nutso yake ce, jan igiyar nan kuma yana nufin a fito maza. Jarrabawarsa ta samun takardar shaida na katse, sai wani zangon.

Ya ce, "Baiwar Allah, lafiya?"

Na ce, "Jarkar taka ce?"

Har yau masunta ba su bar ni ba: "Uwar Hafsatu, ara muna hannu! Ko tarwaɗa ba mu samu ba, ke ɗan jami'a kinka kamo."