Hoton Baba Kura a Littafin Rikoda

Wani ne a Kazaure, lokacin da kaset ke tashe, waya ba ta riga ta shiga aljihun kowa ba. Ba shi da sana'a sai zaman bakin tasha da ba direbobi shawarar da ba su nema ba. Amma fa akwai baki. In ya fara gaya maka abin da zai zama baɗi, sai ka ji kamar ka tashi ka ba shi kujerarka.

Ya auri 'yar wani dattijo Babarbare, Baba Kura, a wani ƙauye can ƙasar Gwiwa. Da haihuwar fari ta zo aka tafi da ita gida wankan jego, ta haifi namiji. Aka yi suna, aka yi arba'in, shiru ba a dawo da ita ba. Ya tura aike. Baba Kura ya ce a gaya masa:

"Ummukulthum da ɗanta suna nan lafiya, suna cin tuwo. Ranar da na ga sana'arsa da idona, ranar za su koma."

Abin ya dame shi ƙwarai, don yana son matarsa, ɗan kuma tun ranar suna rabonsa da shi. Har bakin ya ragu, direbobi suka samu lafiya.

Ana nan sai Malam Haladu malamin gona ya faɗi da babur, ƙafa ta gurɗe. Ga shi ƙungiyar manoma ta ba shi kayan wayar da kai ya zaga ƙauyuka da su: rikoda, kaset ɗaya, da wani ƙaton littafin hotuna mai faɗin faifai biyu. A kan ɓera ne da yadda ake ajiye hatsi a duro. Kaset yana bayani, littafi yana nuna hoto, a ƙarƙashin kowane hoto ga rubutun boko. Mutumin ya je dubiya, ya ga kaya a jingine, ya ce ai shi Allah ya yi don wannan aiki.

Malam Haladu ya ce, "Ba wuya. Ka danna nan, murya za ta fara. Duk sanda ka ji ƙararrawa ta ce ƙil, ka buɗe shafi ɗaya. Kada ka tsallake."

"Shi ke nan?"

"Saura. Bari in nuna maka ta inda ake farawa."

"Haba Malam. Ni da na yi izu goma a gaban Malam Muhammadu Lawal, yau za a koya mini buɗe littafi?"

"To. Af, ai har hoton surukinka yana ciki. Bara aka ɗauke shi, shi ne manomi abin koyi. Kaset ma ya ambaci sunansa."

Mutumin ya kusa taka gurɗaɗɗiyar ƙafar don murna. Ya ce da ƙauyen Baba Kura zai fara. Ya ari babbar riga, ya ari hula, ya soka biro biyu a aljihun gaba, shi da ko sunansa ba ya iya rubutawa da boko.

To ga inda gizo ke saƙar. Shi duk littafin da ya taɓa riƙewa a duniya ta hannun dama ake buɗe shi, kamar yadda aka koya masa a makarantar allo. Wannan kuwa na boko ne, ta hagu ake fara shi. Bangon gaba da na baya duk kwali ne kore, ba abin da ya bambanta su. Wato inda littafi ya ƙare, nan gogan naka zai fara.

A Roni mota ta tsaya cika fasinja. Ya sauka wurin Lauwali mai shayi, ya dire rikoda a kan tebur yadda kowa zai gani.

Lauwali ya ce, "Yallaɓai, waƙa ce?"

"Wace irin waƙa? Ilimi ne. Matso ku ɗanɗana kaɗan."

Ya buɗe littafi ta dama, ya danna. Hoton da ya fito na wani ƙaton mutum ne, kumatu sun cika, wuya ya yi taiɓa, ga malmalar tuwo uku a gabansa yana dariya. Muryar kaset kuwa ta yi ƙasa-ƙasa cikin tausayi:

"Jama'a, ku dubi wannan bawan Allah. Yunwa ta gama da shi. Ba abin da ya rage masa sai ƙashi da rai."

Masu shan shayi suka dubi hoto, suka dubi rikoda, suka dubi juna.

Lauwali ya ce, "In dai wannan ce yunwa, Allah ya kawo mana ita Roni."

Mutumin ya leƙa hoton. Sai ya gyara hula.

"Ka ji illar rashin ilimi. Kumburi ne. Yunwa in ta yi nisa kumbura mutum take yi."

"Tuwon fa?"

"Mafarkinsa yake yi. Shi aka zana."

Lauwali ya ce lalle boko da zurfi. Ya nemi a buɗe na gaba, mutumin ya ce a'a, batir na gwamnati ne, ba a ƙarar da shi a teburin shayi. Ya kashe rikoda, ya zare kaset, ya soka biro a ramin kaset ɗin yana juyawa har zaren ya koma farko. Ya shanya batir a rana kafin mota ta cika. Ya hau yana jin duk ƙasar Roni ba mai kai irin nasa.

Bayan la'asar ya isa. Mai unguwa ya sa aka yi shela, gari ya taru a ƙofar gidan Baba Kura. Aka shimfiɗa wa dattijon buzu a gaba, ya zauna da rawaninsa da carbi, gashin bakin nan ya sha gyara. Kusa da shi Sama'ilu ne, wani tsohon Bafulatani makiyayi, abokin wasansa. Kun dai san Fulani da Barebari, ba a haɗuwa a rabu lafiya. Mata kuma suka cika soro suna leƙe, Ummukulthum na cikinsu da goyo.

Mutumin ya cire takalmi tun daga nesa, ya durƙusa ya kwashi gaisuwa.

Baba Kura ya ce, "An ce ka samu aiki."

"An samu, Baba."

"To mu gani."

Nan kunya ta tashi. Ɗan mutunci ba ya tsayawa ƙerere a kan surukinsa, balle ya zuba wa hotonsa ido a bainar jama'a. Sai ya tsuguna, ya sunkuyar da kai, ya ɗora littafin bisa hularsa yana fuskantar mutane. Su suna ganin hoto, shi yana ganin ƙasa. Ya laluba ya buɗe ta dama, ya danna rikoda da babban yatsan ƙafa.

Ƙaton mai tuwo ya fito, murya ta yi jajen yunwa. Jama'a suka fara gunaguni. Daga ƙarƙashin littafi ya ce, "Kumburi ne." Gunaguni ya lafa.

Ƙil.

Ya buɗe. Sai ga Baba Kura, rangaɗaɗau. Rawani, gashin baki, haƙora jajaye da goro, yana murmushi a gaban rumbunsa, damin gero a kafaɗa. Gari ya ɗauki sowa. Dattijo ya gyara zama, ya dubi Sama'ilu ta wutsiyar ido. Sai murya ta kaurara:

"Jama'a, ku dubi wannan fuskar da kyau. Kun san shi. A garinku yake. Shi ne babban ɓarawon hatsinku."

Carbi ya tsaya a hannun Baba Kura.

"Da rana ya yi lamo kamar na Allah. Kuna kwanciya ya shige rumbunku. Ku dubi gashin bakinsa. Ku dubi haƙoran nan, ba abin da suke bari. Ga shi da haihuwa, kafin ku ankara ya cika muku gari da 'ya'ya."

Baba Kura kuwa 'ya'yansa sun fi ashirin. Sama'ilu ya saki sandarsa ya riƙe ciki.

"Na gode wa Allah da ya nuna mini yau. Shekara nawa ina faɗa ana cewa wasa ne? To ga gwamnati ta faɗa da bakinta."

Ashiru tela, wanda ya taɓa boko, ya matso yana ƙanƙance ido. "Ai rubutun ƙasan cewa ya yi manomi abin..."

Sama'ilu ya ja shi ya zaunar. "Zauna, ɗan nan. Kai ka fi rikoda sani?"

Mutumin yana jin dariya ta ko'ina, ya ce a ransa kasuwa ta yi kyau. Ai bai kamata rikoda ta kwashe ladan ita kaɗai ba, gara suruki ya ji shi ma yana da abin faɗa. Ya ɗaga murya:

"Wallahi gaskiya ne, jama'a. Ni nan da kuke gani ba wanda ya addaba kamata. Ya hana ni barci. Shekaranjiya ma sai da na jefe shi da takalmi, ya shige bayan randa."

Wata tsohuwa ta yi salati a soro. Murya ta ƙarasa: "Duk inda kuka gan shi, kada ku ji tausayinsa. Ku sa sanda."

Sama'ilu ya lalubo sandarsa. "Babarbare, ka ji umarni. Ni mai biyayya ne."

Gashin bakin Baba Kura sai rawa yake.

Ƙil. Hoton gero tsabtatacce, murya na cewa wannan ko kaza ba ta ci. Ƙil. Sai ga duro da murfinsa, murya kuma ta ce ga duro da murfinsa. Tsakiyar littafi ke nan, nan kaɗai gaba da baya suka haɗu. Mai unguwa ya yi ajiyar zuciya ya ce, "To, yanzu injin ya dawo hayyacinsa." Ƙil. Hoton ruɓaɓɓen hatsi duk kashin ɓera, murya na cewa irin wannan za ku riƙa ci da iyalinku in kun bi shawara. Mai unguwa ya ce ya janye maganarsa.

Ƙil.

Ɓera. Ƙato, ya cika shafi, kunnuwa a tsaye, wutsiya har ta sauko kan rubutu, ya rungume zangarniyar gero. Murya ta yi daɗi kamar ta maroƙi:

"Ga dattijon arziki, Baba Kura na ƙasar Gwiwa."

Sama'ilu ya kwanta a ƙasa.

"Ku dubi jikinsa sumul, don ba ya kwana da yunwa. Rani da damina yana cikin hatsi. Ku je gidansa ku ga yadda yake yi, ku koya wa 'ya'yanku."

Da mutumin ya ji sunan, sai ya ƙara sunkuyar da kai don ladabi, ya ƙara ɗaga littafin sama yadda na baya za su gani. Ya juya shi gabas, ya juya shi yamma, ya juya shi wajen soro don mata. Ya ce lokacin gyara miya ya yi.

"Jama'a, wannan da kuke gani surukina ne. Ba ni da uban da ya fi shi. 'Yarsa nake aure, kuma duk gidan ita ta fi kama da shi. Ɗana ma shi ya ɗauko sak. Ku dubi kunnen, ku dubi bakin."

Aka ji ƙarar faɗuwar kwano a soro. Limamin gari ya cusa gefen rawani a baki, kafaɗunsa na tsalle. Sama'ilu yana shure-shure yana cewa, "Wutsiyar fa? Yaron ya ɗauko wutsiyar?"

Mutumin bai ji da kyau ba, ya ce, "Komai da komai, Baffa."

Ƙil. Shafin ƙarshe: wani ƙanjamamme, haƙarƙari a waje, ya yi tagumi a gindin rumbu wayam. Murya ta ce, "Haka kowannenku zai koma in ya bi abin da muka faɗa. Wassalamu alaikum." Rikoda ta yi ƙas ta tsaya.

Ya sauke littafi yana murmushi, wuya ya ƙage. Ya ga rabin gari a kwance, rabi na share hawaye. Ya dubi shafin da ke hannunsa. Ya koma baya ɗaya, suka yi ido huɗu da ɓera. Ya ƙara komawa baya, baya, har ya iske rawani da damin gero. Gumi ya karyo masa har cikin rigar aro.

Ya ja gwiwa zuwa bakin buzu.

"Baba, kuskuren ofis ne. A baibai suka ɗinke littafin."

Baba Kura ya ja carbi ɗaya.

"Amma dai an ga sana'a, Baba."

"An gani."

"To, maganar komawar su Ummukulthum fa?"

Baba Kura ya miƙe, ya kaɗe buzunsa, ya nuna gindin rumbu da carbi.

"Ni ɓarawon hatsi me ya haɗa ni da maganar iyalinka? Ga ramin surukinka can, je ka yi sallama."