Ranar da Na Sa Baturen Gona Gudu a Goronyo

Ba zan taɓa mantawa da daminar da gulbin Rima ya cinye gonakin Goronyo ba, can zamanin Turawa. Lokacin ina malamin hakimi, ban daɗe da fitowa daga makarantar Midil ta Sakkwato ba, kuma ni kaɗai ke jin Turanci a garin (ko in ce, ni kaɗai ake zaton yana ji).

A makaranta an koya mana kalmomi biyu, follow da chase, aka ce duka ma'anarsu "bi". Ni kuwa na raina ta farkon, don kowane masinja ya san ta. Ta biyun nake ta ajiya, ina jiran ranar da zan fito da ita gaban manya.

Ranar kuwa ta zo. Aka aiko wani sabon Baturen gona, saurayi, bai fi wata biyu a ƙasar ba, ya zo duba ɓarnar ruwa. Abin da ya rubuta shi zai sa a ba mutane irin shuka ko a hana su. Saboda haka Sarkin Noma, wani dattijo da ake kira Baba Mani, ya tara manoma a ƙofar hakimi. Daga gona suka taho, kowa da hauyarsa a kafaɗa, fuska ba walwala.

Bature na kan doki, ya dubi taron, ya tambaye ni abin da suke so.

Baba Mani ya ce, "Malam, hwaɗa mai za mu bi shi har bakin gulbi, shi gani da idonai."

Na gyara hula, na ɗaga murya yadda na baya ma za su ji, na ce, "They want to chase you to the river, sir."

Na ga kunnuwansa sun yi ja. Ya dubi hauyoyin nan, ya dube ni. Ni kuma, don in ƙara masa bayani, na ce, "All of them, sir. Now."

Kafin in rufe baki ya zaburi doki. Inda aka yi rashin sa'a, ba hanyar Wurno da ya biyo ya nufa ba, fadama ya dosa, inda laka ke haɗiye saniya har wuya. Baba Mani ya yi ihu, "Ku tare shi, za shi nutsewa!" Mutane suka kwasa a guje da hauyoyinsu. Bature ya waiwaya ya gan su, ya ƙara wa doki bulala. Ni ma ina baya riƙe da riga, ina ihun "No chase! No chase!" (wanda daga nesa, na sani, rabin ƙarshe kawai yake ji).

A gonar shinkafar wani mutum doki ya kafe, ya jefar da shi. Baba Mani da kansa ya shiga laka har ƙugu ya jawo shi, yana cewa, "Sannu ɗana, mi ar haka? Wa ya kore ka?"

A zauren hakimi aka yi shari'ata. Hakimi ya tsorata ƙwarai, don in labari ya kai Sakkwato cewa mutanensa sun tasar wa Bature da makami, rawaninsa ya tafi.

Ya dube ni ya ce, "Malam, mi kac ce mai?"

Na maimaita. Bature, laka na bushewa a gashinsa, ya yi mini darasi gaban kowa: follow shi ne ka bi mutum a baya cikin lumana, chase kuwa irin bin da ake wa ɓarawo ne, ko kare da zomo. Ni aka sa na fassara wa jama'a kuskurena da bakina. Dariyar da aka yi, har dogarai sai da suka dafa bango.

Amma ban sunkuyar da kai ba. Na ce, "Ranka shi daɗe, mu nan liman bin shi mukai, ɓarawo ma bin shi mukai, kuma ba mu taɓa ruɗa su ba. Sannan da ya tsaya, ai follow za a yi. Shi ya fara gudu, ya maishe ta chase."

Hakimi ya ce in fassara wa Bature wannan ma. Na fassara. Bature ya dube ni, sannan ya fashe da dariya har da tari. Irin shuka ya zo kafin ruwa ya janye, don babu Baturen da ya taɓa duba ambaliya kusa-kusa kamarsa. Ni kuwa aka hana ni tafinta wata uku, kuma har na bar aiki Malam Ces ake kirana daga Goronyo har Rabah.

Har gobe ina nan kan bakana: rabin laifin na Turanci ne. Sauran rabin na karɓa, kuma ga abin da ya koya mini: in za ka gwada sabuwar kalma a kan mutum, ka bari sai ya sauko daga doki.