A Dawo Mana da Littafin Aji Biyu

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Kwamitin Farfaɗo da Karatu Bayan Annoba, Allah ya ƙara wa ofishinka sanyi.

Bayan gaisuwa irin ta ƙarami ga babba, ni malamar aji huɗu ce, kuma ina tafe da 'yan koke-koke.

Na ɗaya: mun gode da ƙarin aji biyu da kuka yi wa yara suna zaune a gida. Tsawo kam sun yi, wandon kowa ya ɗage. Sai dai ranar da na tambayi wanne ne "b" wanne ne "d", aji ya rabu gida biyu, har aka kusa dambe.

Na biyu: darasin waya. A gidan wata ɗalibata 'yar direba waya ɗaya ce, kuma tana aljihun uban. Shi ya saurari darussan kaf a kan hanya, yanzu ya ƙware a lissafin rabawa. Ko shi za mu rubuta wa sakamako?

Na uku: kun umarce mu da mu gama karatun shekara biyu cikin mako shida. Ranka ya daɗe, wanda ya tsara wannan ya taɓa tsayawa gaban yara sittin da uku kuwa?

Na huɗu shi ne ya sa na ɗauki biro. Akwai yarinyar da yara ke kira Anti saboda tsawonta. Ta daina zuwa, don kunyar yin i'ina a gaban ƙanana. Sau uku ina zuwa injin niƙan mahaifiyarta kafin ta yarda ta dawo. Na raba ajin rukuni uku bisa abin da kowa ya iya, na ɗauko littafin aji biyu, muka koma inda aka tsaya. Ranar Talata Anti ta karanta layi uku ita kaɗai. Tana cikin layi na huɗu sufetonka ya shigo, ya karɓe littafin, ya ba ni takardar gargaɗi saboda na mayar da yara baya.

Gargaɗi na karɓa hannu bibbiyu. Roƙona kawai a ba ni zango ɗaya in koyar da yaran da ke gabana, ba waɗanda ke cikin rahotonka ba. Kuma don Allah a dawo da littafin. Anti ta tsaya a labarin daidai inda kaza ta faɗa rijiya, kullum sai ta tambaye ni ko an ciro ta.

Taka mai biyayya, har da durƙuso,
Malamar Aji Huɗu