Ranar da Na Share Birnin Tudu

Ranar kowa ya tafi ɗaurin aure Maradun, aka bar ni a ofishin ƙungiyar manoman rani ta Mafara, daga ni sai kwamfuta. Ni masinja ne, ban yi boko ba, amma shekara shida ina sauraren ma'aikata, har na ɗauka na zama rabin injiniya.

Da hantsi wani jan rubutu ya fito a fuskar kwamfutar. Har na ji daɗi, na samu mai yi min magana. Na kira Malam Sani, mai kula da ita, a waya.

Ya ce, "Rumbun bayanai ke biɗar gyara, Baba. Share shi kawai."

Nufinsa in ƙyale. Ni kuwa na san maɓallin da suke kira na sharewa. Na gyara hula, na yi bisimilla, na danna sau uku.

Sunayen manoman Birnin Tudu da ranakun ban-ruwansu suka tafi. Sati biyu Malam Sani yana bin gonaki da biro.

Yanzu kujerata tana waje. Duk mai wucewa sai ya ce, "Baba Mai Shara, yau wane gari za a share?"