Takardar da ke Cikin Hular Malam Almu

"Lafiya lau, sai dai mijin naki ya kwana da yunwa," in ji Malam Almu.

"Mijin da ba ya cefane ai da yunwa zai tashi," in ji Mardiyya. Ta rusuna ta gaishe ni, idonta yana kan agogo.

Ranar Talata ce, sha huɗu ga Afrilu, 1998, ƙarfe bakwai da kwata na safe, a zaurensa da ke unguwar Hashimi. Ni da Almu benci ɗaya muka zauna a makarantar mishan, tun garin nan yana amsa sunan Abuja, kafin sabon birnin tarayya ya karɓe sunan. Mardiyya jikarsa ce, 'yar ɗansa Rabi'u. Tana aiki da wata Dakta Ngozi a wani asibiti a Kaduna, inda suke ɗaukar hoton ƙwaƙwalwar tsofaffi masu mantuwa, su zuba a kwamfuta su gwada da na masu lafiya. Makon da ya wuce Almu ya fita masallaci, aka tsince shi can unguwar Chaza yana tambayar hanyar gida. An ba shi ƙarfe sha ɗaya na ranar nan a asibitin, a ɗauki hoton kansa. In ya wuce, sai bayan wata uku.

Direba ya danna ham a waje. Almu ya tashi, ya zauna, ya sake tashi yana neman takalmin da ke ƙafarsa.

"Amarya, faɗi gaskiya. So kike a cusa ni a ramin ƙarfe ki ci gado ki auri yaro."

"Wane gado? Keke marar birki da rediyo mai tari?"

"Kan nan da kike rainawa ya haddace kogunan duniya tun uwarki ba ta da haƙori."

"In na'urar ta leƙa ba za ta ga kogi ba. Ɓawon goro za ta gani, da labarin Di'o."

Ya ce na'urar Bature ba ta jin Hausa, ta ce shi ya sa ta zaɓe ta, don kada ya cika ta da surutu. Ya ce a bari sai damina ta sauka. Ta ce da wannan jan ƙafar la'asar za ta same su ba su wuce Tafa ba. Sai ta ƙara da cewa a can ba a shiga da hula.

Nan Almu ya dafe kansa da hannu biyu. Ya ce hularsa ba ta fita, ko gaban Gwamna.

Jika tana da izinin da ɗa ba shi da shi. Ta miƙa hannu ta fizge hular tana dariya, ta ce bari ta ga sanƙon da aka aura mata. Wata takarda ta faɗo daga ciki.

Ni na ɗauka. Na san rubutun nan mai jirge, wanda aka koya mana da rula a bayan yatsu. Sunayen 'ya'yansa ne da jikokinsa, a jere, da lamba, kowa da alamarsa. Na bakwai ya ce: Mardiyya, 'yar Rabi'u, mai wushirya. An gaya masa likitocin suna yin tambayoyi kafin hoto, shi kuwa ya shirya kamar yadda muke shirya wa jarrabawa.

Ta karɓa daga hannuna ta karanta, ta juya takardar a ƙirjinta.

"Kaka, yaya sunana?"

"Amarya mana."

"Wanda aka yanka mini rago da shi."

Ya dubi bakinta, ya dube ni, ya dubi takardar. Sai a lokacin na tuna tun Ƙaramar Salla ban ji ya kira wata jika da suna ba. Duk amarya ne, kuma duk muna dariya.

Direba ya sake danna ham. Mardiyya ta goge ido da gefen mayafi, ta kama ƙugu.

"Ashe ɓarawon amsa na aura. Baba," ta juyo wurina, "haka kuka ci jarrabawa a zamaninku?"

Na ce ni dai ban taɓa kama shi ba sai yau.

"Shekara sittin ba a kama ni ba," in ji Almu, "sai da na auri 'yar sanda." Dariya ta ƙwace masa har da tari. Ya karɓi hular, ya kakkaɓe, ya mayar mata a hannu.

"Riƙe duka biyun, hula da takarda, na ba ki. Amma in sun ɗauki hoton, ke za ki duba da kanki. Ki duba da kyau. Kina ciki a wani lungu, ban fitar da ke ba."

Ya fita zuwa mota kansa a buɗe. Bakwai da rabi daidai suka tashi.